Shaidar Mai Magani da Shaidar Ɓera

Kumburi na cikin larurorin da suka fi kai mutane wurin mai magani: gwiwar da ta cika ta hana tsohuwa ruku'u, targaɗen da ya ƙi sacewa, dasashin da ya tashi ya hana cin abinci. Itatuwan da ake nufa da wannan larura a ƙasar Hausa sanannu ne, irin su sassaƙen hano, wanda wasu ke kira ararrabi, da maɗaci, da bagaruwa, da saiwar sanya da ake wa kirari da uwar magunguna. Idan aka tambaya ko suna aiki, shaida iri biyu ake kawowa. Ta farko ta mai magani ce, wanda ya gaji sanin daga iyaye da kakanni. Ta biyu ta masu bincike ce a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, waɗanda ke gwada itatuwan a jikin ɓeraye. Kowacce da ƙarfinta da rauninta, kuma sai an aza su a ma'auni ɗaya za a san nauyin kowace.

Mai magani da idonsa da shekarunsa yake tara shaida. Ya san lokacin da ake sassaƙa, ya san ko jiƙawa ake yi ko dafawa, ya san inda ake jefa jar kanwa da inda ake damawa a kunu. Ya ba ɗaruruwan mutane, wasu sun dawo da godiya, wasu sun turo 'yan uwansu. Hujjarsa ita ce da itacen ba ya aiki, da tuni an daina nemansa.

Mai bincike kuwa da awo yake tara tasa. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Charles Winter da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1962. Ana raba fararen ɓeraye rukuni-rukuni, biyar ko shida a kowane rukuni. Na farko ruwan gishiri kawai ake ba su. Rukuni uku ana ba su ruwan itacen, kaɗan da matsakaici da mai yawa, gwargwadon nauyin jikinsu. Na ƙarshe ana ba su maganin asibiti da aka riga aka san aikinsa, kamar asfirin. Bayan rabin awa ko awa guda, sai a yi wa kowane ɓera allurar ɗigon karajinan a tafin ƙafar baya, wani sinadari ne da ake samu daga ciyawar teku, wasu kuma sukan yi amfani da farin ƙwai. Ƙafar takan yi ja ta kumbura, a riƙa auna kaurinta duk bayan awa guda har awa biyar ko shida. Idan ƙafafun waɗanda suka sha itacen ba su kumbura kamar na masu ruwan gishiri ba, an samu alama.

Inda shaidar mai magani ta fi ƙarfi shi ne a jikin mutum aka same ta, mutumin da ke iya cewa zogin ya ragu ko yana nan. Inda take da rauni shi ne babu abin kwatantawa. Kumburi da yawa da kansa yake sacewa, kuma mai ciwon gaɓɓai yakan nemi magani ne a ranar da ciwon ya fi tsanani, ranar da daga ita sai sauƙi. Wanda ya warke shi ke dawowa ya ba da labari. Wanda bai ji daɗi ba yakan wuce wurin wani, ba tare da an ƙirga shi ba.

Shaidar ɓera akasin haka take. Ƙarfinta yana ga rukunin nan na ruwan gishiri, domin su ke nuna abin da zai faru da ba a ba da komai ba. Ɓera ba ya jin kunyar mai magani, ba ya kuma samun sauƙi don ya yarda da shi. Da wannan gwaji aka tace indometasin, maganin kumburi da har yau ake rubutawa a asibiti. Rauninta kuwa a fili yake: kumburin awa biyar a ƙafar lafiyayyen ɓera daban yake da amosanin gaɓɓai na shekara goma a jikin dattijon da ke fama da hawan jini.

Akwai kuma bambanci a abin da ake gwadawa. Mai magani da ruwa yake dafawa, sau da yawa yana haɗa itace uku ko huɗu, a sha ta baki. Sai dai ma'auninsa tafin hannu ne da ludayi, kuma sassaƙen damina da na rani ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Mai bincike ma'auninsa daidai yake har zuwa miligiram, amma yakan ɗauki itace guda, ya tatse shi da sinadarin metanol, wani lokaci ya zuba shi ta allura a cikin ɓera. Abin da ya auna da kyau ɗin, mai yiwuwa ba shi ne abin da ake sha a gida ba.

Batun illa ya fi kowanne nauyi, kuma a nan kowane ɓangare ya taɓa kasawa. Al'ada tana gane gubar da ke kayar da mutum nan take, amma da wuya ta gane wadda ke cin ƙoda a hankali. An yi ƙarnuka ana magani da dangin tsiron da muke kira duman dutse a Sin da Turai. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba mai ɗauke da irin wannan tsiro, alhali tun farkon shekarun 1980 gwajin ɓeraye a Jamus ya nuna sinadarinsa na haddasa ciwon daji. A ɗaya gefen, talidomaid da aka fara sayarwa a 1957 bai nuna wata guba a jikin ɓeraye ba, amma kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa. Daga baya aka gano cewa zomo da biri suna nuna wannan illa, ɓera kuwa da wuya.

Kowace hanya kuma akwai mai ɗaukar wahalarta. A ɗakin gwaji dabba ce ke jin zafin, shi ya sa tun 1959 masana biyu a Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar a nemi madadin dabba in zai yiwu, a rage yawansu, a kuma sassauta musu azaba. Wannan ya dace da tarbiyyarmu ta tausaya wa dabba. A wurin mai magani ba a gwaji a kan dabba, amma marar lafiya shi ne wanda ake gwaji a kansa, ko da babu wanda ya kira abin da wannan suna.

Tarihin asfirin ya nuna abin da ke faruwa idan hanyoyin biyu suka haɗu. Mutane sun daɗe suna jiƙa ɓawon wani itace na bakin rafi don zazzaɓi da ciwon jiki. A 1897 aka haɗa asfirin a kamfanin Bayer na Jamus daga dangin sinadarin da ke cikin ɓawon, sai a 1971 John Vane ya gano yadda yake kashe kumburi. Duk wanda ya taɓa kankare ɗanyar saiwar sanya ya ji ƙamshin man zafi yana tashi, domin tana ɗauke da ɗan uwan wannan sinadari. Kakanninmu ba su yi kuskuren zaɓenta ba, kuma gargaɗin da masu magani ke yi cewa tana kisa idan aka zarce ƙima shi ma gaskiya ne.

A ganina shaidar mai magani ta fi faɗi, ta ɓera ta fi tsabta, amma babu wadda ta isa a rufe magana da ita. Mai magani shi ke nuna itacen da ya cancanci a duba, ɓera ya tace wanda ke da alamar aiki da wanda ke da haɗari. Hukunci na ƙarshe sai an gwada a kan marasa lafiya da yardarsu, ƙarƙashin kulawar likitoci, ana kwatanta masu sha da waɗanda ba su sha ba. A nan ne aikinmu ya fi tsayawa: ɗalibi ya gama da ɓerayensa, ya karɓi digiri, kundin ya shiga kabad. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka asibitocin koyarwa su karɓi aikin daga inda jami'a ta tsaya, a kuma rubuta sunan mai maganin da ya ba da sani, a ba shi haƙƙinsa. Kafin nan, mai saye ya sani cewa lambar NAFDAC a kan kwalbar maganin gargajiya galibi shaida ce ta an duba lafiyar shansa, ba tabbacin yana warkarwa ba. Idan mai talla ya ce an gwada maganinsa, a tambaye shi a kan wa aka gwada, da kuma adadin da aka bayar.