IYAFIS MARAR IGIYA: IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA

Duk wanda ya bi gonakin rani na Kura, Kadawa da Bunkure zai ga samari da wani ɗan abu maƙale a kunne. Ba ya da igiya, girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba. Sunansa iyafis, wasu kuma suna ce masa bulutut. Da shi ake amsa waya, a ji waƙa ko karatu, wayar kuwa tana cikin aljihu. Ra'ayin jama'a ya rabu a kansa, musamman game da jin gargaɗi idan haɗari ya taso.

Yadda yake aiki

Iyafis yana da ɗan batirinsa. Waya tana aika masa sauti ta iska, kamar yadda gidan rediyo yake aika wa akwatin rediyo. Amma nisan bai wuce kamar mita 10 ba. A wasu wayoyin, da zarar an haɗa su, ƙarar shigowar saƙo iyafis take tafiya. Idan mutum ya cire shi ya jefa aljihu bai kashe ba, saƙo zai iya shigowa bai ji ba.

Abin da kowane ɓangare yake cewa

Masu yabonsa suna da hujja. Mai dashen shinkafa hannunsa duk taɓo ne. Mai kula da injin ban ruwa ba ya jin kukan waya saboda rugugin inji. Ga irin waɗannan, iyafis ne yake kawo kira har cikin kunne, ko na gida ne, ko na dillalin tumatir daga Kwanar Gafan.

Dattawa kuwa cewa suke ya mai da yara kurame. A yi wa yaro sallama, shiru. A ƙwala masa kira daga bakin kanal, bai waiwayo ba. Ya hau babur a titin Kano zuwa Zariya, babbar mota tana ta oda a bayansa, shi kuwa yana jin waƙa.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin gargaɗi iri biyu ne: na nesa da na kusa.

Gargaɗin nesa

A Amurka, tun shekarar 2012 gwamnati tana iya aika saƙon gaggawa zuwa wayoyin da suke yanki guda a lokaci ɗaya, da ƙara ta musamman. Ingila ma ta gwada irin wannan a watan Afrilu na 2023. A Nijeriya akwai hukumar NiMet mai hasashen yanayi, wadda take bayyana yadda damina za ta kasance tun farkon shekara. Akwai NIHSA mai faɗin wuraren da ake tsoron ambaliya, da NEMA mai ba da agajin gaggawa. Sanarwarsu takan iso karkara ta rediyo, da saƙon waya, da WhatsApp, da bakin dagatai da masu unguwanni.

Wannan ya shafi mutanen yankin nan ƙwarai. Ruwan da ake noman rani da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama ginawa a 1974, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi. Zama ƙasa da madatsa arziki ne, amma yana son sa kunne. Manya ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, mutane da yawa suna barci.

Gargaɗin kusa

Wannan ba ya zuwa ta waya. Shi ne ihun maƙwabci, da odar mota, da sanarwar lasifikar masallaci, da kukan yaron da ya zame cikin kanal, da ƙarar ruwa idan an buɗe ƙofa. Wanda ya toshe kunnuwansa biyu ya rufe wa kansa wannan hanya. Sau da yawa kuwa gargaɗin kusa ne yake ceton rai, domin ba ya jiran sabis ko caji.

Akwai kuma lafiyar kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron ƙara mai ƙarfi. Ta ba da shawara kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Abin da ya kamata a yi

1. A gona, a sa iyafis a kunne ɗaya kawai, a bar ɗayan a buɗe.
2. Kada a sa shi a kan babur, ko keke, ko wajen tsallaka titi.
3. Idan an cire shi, a kashe bulutut na waya.
4. Kada a kwana da shi a kunne, musamman a watan Agusta da Satumba.
5. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa saƙon gargaɗi. Amma ya fara tabbatar da shi daga rediyo ko wajen mai unguwa, domin akwai saƙonnin ƙarya. Saƙon da ya nemi lambar sirri ta banki, na ɓarayi ne.
6. A haddace lambar 112. Ita ce lambar neman agajin gaggawa a Nijeriya, kuma kiranta kyauta ne.

Malaman ajin yaƙi da jahilci za su taimaka ƙwarai idan suka koya wa ɗalibai buɗe saƙon waya da karanta shi kafin damina ta kankama.