Ƙwaryar Nono a Gidan Dare: Wasa, Amana da Halittun da Ido Ba Ya Gani

Tun kafin hantsi ya dubi ludayi matan Fulani ke shigowa unguwar Gidan Dare ta birnin Sakkwato daga rugagen da ke kewaye, kowace ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Sukan sami inuwa su sauke, su jera curin fura, wadda Basakkwace ke kira hura, sa'an nan su zauna jiran masu saye. Wanda bai saba ba, idan ya tsaya ya saurari cinikin, sai ya ɗauka faɗa ake yi. Mai saye yakan leƙa ƙwarya ya ce yau kam rijiya ce aka tatsa, ba saniya ba. Ita kuwa takan mayar masa cewa ina Kaɗo ya san nono, shi da ko akuya bai taɓa mallaka ba. A yi dariya, ta dama masa, ta kuma ƙara masa ludayi guda na gyara.

Wannan ba'a tana da asali. Akwai daɗaɗɗen wasa tsakanin Fulani da Barebari, da tsakaninsu da Arawa, da kuma maƙera, inda kowa ke da damar gaya wa ɗan'uwansa magana mai zafi ba tare da an riƙe shi a zuci ba. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya irin wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A bakin ƙwarya kuwa wasan ya wuce iyakar ƙabilun da suka gaje shi, ya zama harshen ciniki. Da shi mai saye ke bayyana zarginsa ba tare da ya ci mutuncin mai nono ba, ita ma da shi take tuna masa bashin shekaranjiya. Inda babu ma'auni, babu takardar shaida, babu jami'in dubawa, wannan raha ita ce take tsare amana.

Tsoffin masu saye kuma masana ne a fagensu. Da ɗanɗano ɗaya suna raba kindirmo, wanda ba a cire masa mai ba, da tsala wadda aka kaɗe aka tsinka. Suna gane nonon damina, lokacin da shanu ke cin ɗanyar ciyawa man shanu ya yi ɗorawa, da na rani, sa'ad da sai kara da harawa da dusa. Wasu har sukan yi iƙirarin bambanta nonon Gudali da na Rahaji, ko da yake wannan sai a bar shi a matsayin cika baki. A Faransa ma haka mashaya giyar inabi suke, suna zagayawa gonaki suna ɗanɗanawa, suna gardama a kan ƙasar da ta fi da shekarar da ta fi. Musulunci ya haramta wannan abin sha, kuma ba shi da gurbi a al'adar Sakkwato. Amma abin mamaki, a cikin tulunansa ne aka fara gano sirrin ƙwaryar Bafulatana.

Daga tulun giya zuwa ƙwarya

A shekarar 1856 wani mai masana'antar barasa a garin Lille ya kai kuka wurin Louis Pasteur cewa abin da yake jiƙawa yana lalacewa ya koma tsami. Da Pasteur ya duba da madubin ƙara girma, sai ya ga a tukunya mai kyau akwai ƙwayoyi masu kama da ƙwai, wato yis, a wadda ta ɓaci kuwa akwai wasu ƙanana sirara kamar sanduna. A 1857 ya bayyana cewa tsamin nan aikin halittu ne masu rai. Daga baya, bisa buƙatar Sarki Napoleon na Uku, ya binciki abin da ke ɓata giyar inabin ƙasar, ya nuna cewa ɗumama ta zuwa kimanin digiri 55 na kashe ƙwayoyin da ke lalata ta. Littafinsa a kan haka ya fito a 1866. Shekara ashirin bayan nan, a 1886, Franz von Soxhlet a Jamus ya ba da shawarar a riƙa yi wa madarar jarirai irin wannan gashi.

Ke nan ruɓi iri biyu ne. Yis yana cin sukari ya fitar da barasa da iska. Bakteriyar nono kuwa tana cin sukarin madara, wanda ake kira laktos, ta mayar da shi asid mai tsami. Abin da halittu ɗin suke ɓarna a wurin mai giya, shi ne jarin mai nono. Idan Bafulatana ta zuba ragowar nonon jiya cikin sabuwar madara ta rufe ta kwana, iri ta shuka, tamkar manomi. A ma'aunin tsami da ake kira pH, sabuwar madara tana wajen 6.6, da tsami ya ƙaru ta sauko zuwa 4.6, sai furotin ɗinta ya dunƙule, nono ya kama. Zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana gaggauta aikin, shi ya sa nonon bazara ke saurin wuce gona da iri. Tsohuwar ƙwarya ma tana taimakawa, domin ƙwayoyin na maƙalewa a ƙananan ramukan jikinta.

Hatta gorin da take yi wa Kaɗo cewa cikinsa ba ya ɗaukar madara yana da ƙamshin gaskiya. Yawancin 'yan Adam, da zarar an yaye su, jikinsu kan rage samar da sinadarin da ke narkar da laktos, sai ɗanyar madara ta riƙa sa musu kumburin ciki da zawo. Fulani da yawa sun gaji wani sauyi a ƙwayar halittarsu wanda ke barin sinadarin yana aiki har tsufa, kuma irin sauyin nan ne ake samu a mutanen arewacin Turai. Da yake bakteriya ta riga ta cinye wani kaso na laktos, Bahaushen da madara ke wahalarwa yakan sha nono lami lafiya.

Abin da harshe ba ya ganowa

A nan ne gwanintar mai ɗanɗano ta tsaya. Yana iya gane an tsinka da ruwa, ko an sa garin ƙwame na kuka don nono ya yi kauri, ko kuma madarar gari ce aka jiƙa aka kwantar. Amma ba ya iya ɗanɗana cuta. Saniya mai tarin fuka tana iya zubo ƙwayar cutar cikin madararta. Haka kuma cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, tana kama mutum ta hanyar ɗanyar madara. David Bruce ne ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta a 1887, sa'an nan a 1905 Themistocles Zammit ya gano cewa madarar awaki ce ke yaɗa ta a can. A jikin mutum takan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Tsami yana hana ƙwayoyi da yawa yaɗuwa, amma waɗannan biyun suna iya jure shi na kwanaki.

Ruwan da ake tsinkawa da shi, da ƙanƙarar da ake jefawa, da hannun da ke dama fura, kowanne ƙofa ce ta taifod da kwalara. Sau da yawa nono yakan bar ruga da tsabtarsa, sai a bakin titi ya gamu da masifa, kuma mai sayen da ya matsa a sa masa ƙanƙara yana da nasa kason na laifin.

Maganin bai fi ƙarfin murhu ba. A masana'anta ana riƙe madara a digiri 63 na minti 30, ko a digiri 72 na daƙiƙa 15. A ruga, inda babu ma'aunin zafi, ya isa a bar ta ta tafasa, a sauke, a rufe, a jira ta huce har ɗan yatsa ya iya jurewa, kafin a zuba iri. Idan aka zuba da zafi irin zai mutu, nono ya ƙi kamawa, kuma wannan kuskure ne ke sa wasu mata cewa tafasawa na ɓata nono. Da yawa daga masu yin kindirmo sun daɗe suna tafasawa. Wasu kuwa tsadar itace ke hana su. Likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna iya gwada garke, amma ba za su zauna gaban kowace ƙwarya ba. Wanda ke zama gabanta kullum shi ne mai saye, kuma wasan da ya ba shi damar cewa an tatsi rijiya ya ba shi damar tambaya, cikin raha, ko madarar yau ta ga wuta.