Yaro ya yi karatun sakandare a gida: ta wace ƙofa zai shiga jami'a?

Wannan taƙaitaccen bayani ne na abin da muka tattauna a shirin ilimi na wannan mako, domin wanda bai samu ji ba, ko ya ji yana so ya ajiye a rubuce. Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da ke shigo mana daga Maraɗi, Birnin Ƙonni, Jibiya da Illela ita ce: yaro ya bar aji, ko don an rufe lakwal saboda rashin tsaro, ko iyaye sun yi ƙaura, ko yarinya an yi mata aure tana ajin ƙarshe, shin karatun jami'a ya wuce shi ke nan? Amsa: bai wuce shi ba. Amma akwai sharuɗɗa, kuma kai uba, ke uwa, ku ne za ku riƙe ragamar.

Karatu a gida, a wasu ƙasashe da nan

A Amurka doka ta yarda iyaye su koyar da yaro a gida a dukan jihohi 50. Uwa ko uba ne ke rubuta takardar makin yaro, sannan ya zauna jarrabawar SAT ko ACT ya nemi jami'a. A Faransa, tun 2022 sai an nemi izinin hukuma kafin a yi haka. Jamus kuwa ta hana. To, mu nan Nijar da Najeriya, ka sani babu jami'ar da za ta karɓi makin da ka rubuta wa ɗanka da hannunka. Abin da ake dubawa shi ne takardar jarrabawar ƙasa. Sa'ar da aka yi, ƙasashen biyu duk sun bar ƙofa ga wanda ba ya cikin aji ya zo ya zauna wannan jarrabawa.

Ƙofar Nijar: BAC

A Nijar, bayan shekara 4 na kwaleji da takardar BEPC, sai shekara 3 na lise, sannan BAC. Wanda ba ɗan wata makaranta ba yana iya ajiye dosiye da kansa, shi ne ake ce wa kandida libir. Takardar da zai samu idan ya ci iri ɗaya ce da ta ɗan lise, kuma da ita zai nemi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa.

Abu na farko, a zaɓi seri tun da wuri. A4 ta masu adabi ce, falsafa da harsuna. D ta masu kimiyyar halittu, ita ce hanyar masu son likitanci da aikin gona. C ta masu ƙarfi a lissafi da fizik. Abu na biyu, ka gane yadda ake lissafin maki. Kowane darasi a kan 20 ake ba shi, amma ba nauyinsu ɗaya ba, kowane da adadin da ake ninka shi. Ga misali: darasi mai ninki 5, yaro ya samu 8, ya yi asarar maki 10 ke nan daga matsakaicin da ake so. Kafin ya cike wannan rami da darasi mai ninki 2, sai ya samu 15. Ka ji dalilin da ya sa ba a raba lokacin karatu daidai wa daida. Darasin da ya fi nauyi shi ke cin safiya. Mai matsakaicin 10 bisa 20 ya wuce, wanda ya kusa kuma ana ba shi zagaye na biyu.

Rajistar BAC ana rufe ta watanni kafin jarrabawa, saboda haka tun farkon shekarar karatu ka je ofishin ilimi na jiharku ka karɓo jerin takardun dosiye. Kada ka jira sai ka ji a bakin maƙwabci.

Ƙofar Najeriya: mataki biyu

A Najeriya tsani biyu ne. Na farko takardar kammala sakandare. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma take aiki a Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya, tana shirya wa waɗanda ba ƴan makaranta ba jarrabawar da mutane ke kira GCE, sau biyu a shekara: ɗaya wajen Janairu da Fabrairu, ɗaya can ƙarshen shekara. NECO, mai hedikwata a Minna, ita ma tana da tata wajen Nuwamba da Disamba. Abin da jami'o'i ke nema shi ne kiredit 5, har da Ingilishi, da kuma lissafi a yawancin fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 an wuce amma ba kiredit ba ne, kuma nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. A likitanci, jami'o'i da dama zama ɗaya kawai suke karɓa.

Ka lura da abu biyu. Ɗan makaranta ana haɗa masa makin gwaje-gwajen aji, ɗan gida kuwa duk makinsa a ɗakin jarrabawa yake. Sannan a kimiyya, maimakon ya taɓa kayan gwaji, takarda za a ba shi a tambaye shi yadda ake gwajin da abin da zai fito. Wanda bai taɓa ganin an yi ba, haddar littafi kaɗai ba ta fitar da shi. Ka roƙi wani malamin kimiyya ya shiga da shi ɗakin gwaji ko da sau ɗaya a wata.

Tsani na biyu shi ne JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Jarrabawarta a kwamfuta ake yi: darussa 4, Ingilishi dole, tambaya 180 cikin awa 2, maki 400. Ingilishi na da tambaya 60, sauran uku 40 kowanne. Mai son likitanci zai haɗa da bayoloji, kimistiri da fizik. Mai son injiniya, lissafi, fizik da kimistiri. Idan aka yi kuskuren haɗin darussa, ko yaro ya ci maki mai yawa ba a ɗaukarsa. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, kuma layin wayar da aka yi rajista da shi a adana shi, kada a bari ya ɓata. Shekarun shiga jami'a 16 ne. Wanda fita ke yi wa wuya, kamar matar aure mai goyo, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ba ta neman makin wannan jarrabawa, kiredit 5 ɗin take dubawa.

Mai tsallaka iyaka

Idan ɗanka ya ci BAC kana so ya yi karatu a Sakkwato ko Kano, ko yana da WAEC zai je Yamai, sai an tantance takardarsa an faɗi matsayinta. A Najeriya ma'aikatar ilimi ta tarayya ce ke yi, a Nijar ofishin BAC. Sai batun harshe: wanda ya yi karatu da Faransanci ya ware watanni na koyon Ingilishi kafin ya tsallaka, haka ma wanda zai je can ɗaya gefen. Ga kuma tarkon da ke kama mutanen kan iyaka, wato rubutun suna. Takardar haihuwa ta ce Ousmane, katin shaida ya ce Usman. Nan Aïchatou, can Aisha. Harafi ɗaya kan tsayar da yaro shekara guda. Ka baje takardunsa duka a tabarma, ka duba suna da ranar haihuwa, a gyara kafin rajista.

Yadda ranar karatu za ta kasance

Ba sai ka iya lissafin ajin ƙarshe ba kafin ka taimaki ɗanka. Aikinka tsari ne. Ka samo manhajar jarrabawar ta wannan shekara, domin littattafan adabi da ake tambaya a kansu suna canzawa. A raba ta wata wata, a manna a bango. Bayan sallar asuba da karin kumallo, awa 3 na darasi mai nauyi. Bayan la'asar, awa 1 ko 2 na bita. Ranar Asabar a ɗauko tambayoyin shekarun baya, a ajiye agogo, a karɓe waya, ya rubuta kamar yana ɗakin jarrabawa. Manyan takardun BAC kan ɗauki awa 3 zuwa 4, hannun da bai saba ba yana gajiya tun a tsakiya. Mai shirin JAMB kuma ya riƙa zuwa shagon kwamfuta, kada ranar jarrabawa ta zama ranar da ya fara riƙe linzami.

Wanda zai gyara masa aikin fa? A nan ake kashe ɗan kuɗin da ke akwai. Malami guda a darasin da ya fi ba shi wuya, sau biyu a mako, ya fi malamai biyar da ba sa duba abin da ya rubuta. Ku haɗu gida uku ko huɗu ku biya tare, yaran ma su samu abokan muhawara, don karatu shi kaɗai a ɗaki yana sa yaro ya yi sanyi.

Ke uwa, idan ƴarki ce, awannin nan na safe ba na wanke-wanke ko aike ba ne. Kai maigida, idan matarka ce ke shiri, ka nema mata mai riƙe yaro a lokacin. Yaron da ke gida kowa na ganinsa kamar ba ya aikin komai, sai a yi ta aikensa kasuwa. Idan ba ku kare masa lokacin ba, babu mai kare masa.

A ƙarshe, a guji masu cewa a kawo kuɗi su kai yaro cibiyar da ake ba da amsa. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon cibiya ɗungurungum idan aka kama ta, kuɗi ya tafi, shekara ta tafi. Wanda ya faɗi a darasi ɗaya da guminsa, yana da wani zama nan da ƴan watanni.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake neman tallafin karatu a ƙasashen biyu. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa albarka a abin da suka karanta.