Me Ya Sa Hoton Ajinmu Yake Dushewa Idan An Buga Shi?

'Yan uwa ɗalibai, zango ya kusa ƙarewa, lokacin ɗaukar hotunan aji da na rajistar jarrabawa ya zo. Sau nawa aka tara kuɗi, aka ba wani ya kai hoto Sakkwato a wanke, ya dawo fuskoki sun dagule kamar an zuba musu ruwa? A waya kuwa tas yake. Sau da yawa ƙarancin ɗigo ne ya jawo haka.

Kowane hoto na waya tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, ana kiran su fiksel. Kamar ɗinkin hula ne: idan sukar allura ta yi ƙanana kuma ta yi yawa, zanen yakan fito sarai. Ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Kyamara mai megafiksel 12 tana jera ɗigo 4000 a kwance, 3000 a tsaye.

To, ɗigo nawa ake buƙata? Ya danganta da inda hoton zai sauka.

Fuskar waya ko talabijin: mai ɗigo 1920 sau 1080 ba ta wuce megafiksel 2 da 'yan kai ba. Idan kallo kawai za a yi, tura babban hoto asarar data ce, balle a yankinmu na Sabon Birni da Isa inda sabis ke wahala.

Takarda: masu ɗab'i suna so a sami ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 4 sau 6 yana son ɗigo 1200 sau 1800. Takardar A4 tana son 2480 sau 3508, wato kusan megafiksel 9. Babbar bana ta bikin yaye ɗalibai kuwa ba ta buƙatar 300, domin daga nesa ake kallonta.

Aikin bincike: idan za ka ɗauki rubutun allo, ko takardar shaida, ko ganyen gero da tsutsa ta ci don malamin gona ya gani, saita kyamara a mafi girma, saboda mai dubawa zai zuƙo hoton. Ka matsa kusa da ƙafarka, ka nemi haske. Zuƙowa da yatsa a yawancin wayoyi yanke hoton kawai take yi.

Hoton fasfo: shafukan rajista sukan ƙayyade girmansa da nauyinsa. Karanta ƙa'idar kafin ka ɗora.

Ga inda ake yawan faɗawa. WhatsApp yana matse hoto don ya tafi da sauri, ɗigo masu yawa su zube a hanya. A 2023 ya ƙara maɓallin HD, amma shi ma yana ɗan matsewa. Hoton da za a buga, a tura shi a matsayin fayil, ko a kwafa ta kebul.

Ku riƙe wannan: ana iya rage babban hoto, amma ɗigon da ya ɓace ba ya dawowa. Ɗauki da girma, adana na asali, ka rage kwafi. Kuma kafin duk wannan, goge gilashin kyamara da ƙyalle mai taushi, domin ƙurar hunturu ba ruwanta da yawan megafiksel ɗinka.

Daga Sashen Kimiyya da Fasaha na Ƙungiyar 'Yan Jarida