Famfon Kifinka Na Ba Da Shokin? Ga Gwajin Da Ya Kamata Ka Sa A Yi



Kwanakin baya yaron da ke taya ni aiki ya sa hannu a tankin tarwada zai gyara tiyo, sai ya yi tsalle ya ce ruwan ya ja shi. Muka duba, ashe famfon ne wayarsa ta ƙwarzane a ciki tana taɓa jikin ƙarfen. Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne bireka ba ta faɗi ba. Wuta na yawo a cikin ruwa, ita kuwa tana zaune abinta. Da yaron ya shiga tankin ƙafa ba takalmi, da yanzu wani labarin ake yi.

Me ya hana ta faɗuwa?

Idan wayar wuta ta taɓa jikin famfo ko injin ƙyanƙyasa, dole wutar ta nemi hanyar komawa inda ta fito. Hanyar da aka tanadar mata ita ce wayar ƙasa, wato mai launin kore da ruwan ɗorawa. Idan hanyar a buɗe take, wuta mai yawa za ta kwarara lokaci guda, bireka ta yanke nan take. Idan hanyar ta ƙuntata, wutar kaɗan ce za ta riƙa wucewa, bireka ta ɗauka aiki ne kawai ake yi. Wanda ya taɓa injin da jiƙaƙƙen hannu, shi ne zai zama hanyar.

Gwajin da nake nufi shi ne auna ƙuncin wannan hanya gaba ɗayanta, zuwa da dawowa. Da om ake auna shi, kuma iya ƙanƙantar lambar, iya kyanta.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Bireka nau'in B mai amfiya 16 sai ta ga wutar da ta kai ninki 5 na ƙarfinta, wato amfiya 80, kafin a tabbatar za ta yanke a take. Raba 230 gida 80, za ka samu kusan om 2.9. Ke nan in na'ura ta nuna abin da ya haura haka, kada ka dogara da birekar nan.

Yanzu ɗauki gonar da rodin da aka kafa a ƙasa ne kaɗai madogararta. A ce an auna an samu om 50. Raba 230 gida 50, amfiya 4.6 ke nan. Bireka mai 16 ko gezau ba za ta yi ba, alhali abin da bai kai amfiya 1 ba ma yana iya tsayar da zuciyar mutum.

Shi ya sa gona take buƙatar RCD mai miliamfiya 30. Ita tana kwatanta wutar da ta fita ne da wadda ta dawo, da ta ga an samu yoyo sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Abin da za ka yi:

1. Ka kira ƙwararren mai aikin wuta da ke da na'urar wannan gwaji. Testar nan mai kama da sukudireba ba ta yin wannan aikin. Da wuta a kunne ake gwajin, don haka ba na koyo ba ne.

2. Ka sa ya auna a soket ɗin da ya fi nisa da akwatin bireka, kamar na bakin tanki. Tsawon waya da sirantarta suna ƙara lambar.

3. A gwada da rani. Busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta kamar jiƙaƙƙiya, rodin da ya yi kyau a watan Agusta zai iya ba ka kunya a watan Maris.

4. A duba mahaɗar wayoyi a ɗakin kaji. Warin kashin kaji da danshi suna cin tagulla, mahaɗa ta yi tsatsa ba ka sani ba.

5. In kana sauyawa tsakanin NEPA, janareta da inbata, ka ce ya duba kariyar a kan kowanne. Ƙaramin janareta ba ya iya turo wuta mai yawa kamar taransifoma.

6. Ka riƙa danna maɓallin gwaji na jikin RCD lokaci-lokaci. In ba ta faɗi ba, a canza ta.

7. Ka rubuta lambobin a littafin gona, don ka kwatanta da na baɗi.

Kafin mai gyara ya zo, doka ɗaya: ba mai sa hannu a tanki sai an zare famfo daga soket.

Muna kashe kuɗi a kan abinci da rigakafi ba ma ƙorafi. Kuɗin wannan gwaji da RCD a sa shi cikin lissafin jari tun farko, kafin a zuba 'ya'yan kifi ko a kawo 'yan tsaki.

Allah Ya kiyaye, Ya ba da kasuwa mai albarka.