Katin Ƙwaƙwalwa Bai Cika Ba, Amma Raspberry Pi Ta Ce Babu Wuri

Wanda ya taɓa ɗaga tsarin Raspberry Pi daga Stretch zuwa Buster ya san wannan ciwon kai. Katin microSD mai 16GB ne, rabinsa ma babu komai, amma ana tsakiyar sabuntawa sai saƙo ya fito cewa babu sauran wuri. Idan aka yi rashin sa'a aka kashe na'urar a wannan halin, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Matsalar ba girman katin ba ce. Katin a rabe yake gida biyu. Babban ɓangaren, mai tsarin ext4, shi ke ɗauke da manhajoji da fayilolin mai na'ura. Ƙaramin kuma, wanda ake kira boot, tsarin FAT ne, kuma a cikinsa kanel da fayilolin tada na'ura suke zaune. A zamanin Stretch wannan ɓangaren bai kai 50MB ba. Da Raspberry Pi 4 ta fito a watan Yunin 2019, Buster ya zo da ƙarin fayiloli irin su kernel7l.img da start4.elf, sai aka mayar da ɓangaren 256MB. Bookworm na 2023 kuwa 512MB ya ware masa. Sabuntawa ta umarnin apt tana sauya fayiloli ne kawai, ba ta taɓa iyakar ɓangarori. Kaya sun ƙaru, ɗaki bai ƙaru ba.

Masu sauya tsarin wayoyin Android sun san irinta: idan boot.img ya fi wurin da kamfani ya ware masa girma, fastboot zai ƙi rubuta shi.

Abu na farko shi ne a duba da umarnin df -h /boot, a ga sararin da ya rage. A Bookworm an koma /boot/firmware. Kafin a taɓa komai, a kwafi katin gaba ɗaya zuwa wata ma'ajiya.

Hanya mafi aminci ita ce wadda masu Raspberry Pi da kansu suke ba da shawara: a rubuta sabon tsari da Raspberry Pi Imager, sannan a dawo da fayiloli da saituna. Gaskiya ga yawancin mutane wannan ta fi sauri, ko da tana cin data wajen saukewa.

Amma wanda ya daɗe yana gina saitunansa zai so ya faɗaɗa ɓangaren. Sai ya cire katin ya sa a wata kwamfuta mai Linux, ya buɗe GParted, ya rage babban ɓangaren, ya matsar da shi gaba domin fili ya buɗe a bayan boot. Nan ne tarkon yake: GParted ba ya iya faɗaɗa tsarin FAT ɗin da bai kai 256MB ba. Dabarar ita ce a kwashe fayilolin boot zuwa kwamfuta, a faɗaɗa ɓangaren, a sake tsara shi da FAT32, a mayar da fayilolin. Daga nan a gudanar da blkid, a tabbatar lambobin PARTUUID da ke cikin cmdline.txt da /etc/fstab sun dace da na katin, domin idan suka saɓa, na'urar ba za ta gano inda tsarinta yake ba.

Matsar da ɓangare yana ɗaukar lokaci, musamman a kan kati mai jinkiri, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, bayanan na iya lalacewa. Don haka a yi shi da laftof mai cikakken caji, ba kwamfutar tebur da ke dogara da wutar layi ba.