Jaririn da Bai Sami Isasshiyar Iska a Ciki Ba

'Yan'uwa, ɗan da ke ciki ba ya numfashi da kansa. Iskar oksijin tana zuwa masa daga jinin uwa, ta mabiyiya da cibiya. In iskar ta ragu, jikinsa yakan matse jijiyoyin jini na hanji da ƙoda da ƙafafu, ya tura jinin zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Wannan dabara tana ceton ransa, amma in abin ya daɗe, sai a haife shi ƙarami.

Da kukan farko ya kamata jijiyoyin huhu su buɗe. A wasu jarirai sukan zauna a matse, leɓe ya yi shuɗi, numfashi ya yi wuya. Irin wannan a kai shi asibiti nan take. Bincike ya kuma nuna waɗanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5 sun fi fuskantar hawan jini idan sun girma.

Abubuwan da ke rage iskar mun san su: ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, hawan jinin masu ciki da doguwar naƙuda. Saboda haka mu tura matanmu awo da wuri, su sha maganin ƙarin jini, su kwana cikin gidan sauro. Maigida, kuɗin mota kuma a tanada tun kafin naƙuda.